Kafin mota ta iso

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta zauna, kuma a zauren nan akwai ƙannenmu ma'aikatan lafiya da aka tura ƙauyuka ba su daɗe da fita makaranta ba. Ina roƙon manyanmu su tattauna abu guda. An kawo yaro a sheme, ko mai jego tana zubar da jini, asibitin ɗaki biyu ne, babban asibitin Daura ko na Katsina kuma sai an yi awa biyu a hanya, in ma an samu mota. Wasu na cewa aikin ƙaramin asibiti shi ne ya rubuta takarda ya tura, kar ya taɓa. Wasu na cewa a fara magani tukuna. Don Allah a yi magana da adadi, ba "a yi masa allura" kawai ba.

Ɗan Kaita: Wa alaikumus salam. Ni ina ɓangaren a tura, kuma ga dalili. Ka sa ma yaro atesunet na dubura, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, bayan awa ukku ya buɗe ido ya nemi nono, sai uban ya ce Allah ya kawo sauƙi, mi za a je yi birni a kashe kuɗin mota ana tsakiyar noma? Su koma gida. Kwana biyu zazzaɓin ya dawo, jini ya ƙare, lokacin kuma ba ka da abin da za ka yi mashi. Maganin da aka ce gada ce zuwa babban asibiti sai ya zama shi ne ya hana zuwa.

Dakta M.: Malam, abin da ka faɗa yana faruwa, ba musu. Amma gyaransa bayani ne da bin sawu, ba hana magani ba. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya jiran awa biyu na hanya. Bari in jera yadda abin yake, saboda ƙannenmu.

Alamun da ke cewa wannan ba na ƙwaya ba ne: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da aka ba shi, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa ko suma, numfashi mai zurfi da wahala, tafin hannu fari fat, fitsari kalar shayi. Guda ɗaya ta isa.

In akwai wanda ya iya allura, atesunet na allura ya fi na dubura. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne a kowane kilo, daga kilo 20 zuwa sama 2.4. Kwalbar miligiram 60 ana fara zuba mata mil 1 na ruwan bayikabonet ɗin da ke cikin kwalinta, a girgiza har ya yi garau, kamar minti biyu. In ya ƙi washewa a jefar. Daga nan a ƙara ruwan gishiri na ƙarin ruwa: mil 2 in a tsoka za a yi, sai ya zama miligiram 20 a kowane mil, ko mil 5 in a jijiya, ya zama 10 a kowane mil. Yaro mai kilo 12, ke nan miligiram 36, a tsoka mil 1.8, a cika shi 2, a gaban cinya. Abin da aka haɗa bai wuce awa ɗaya, ragowar ba ta jiran yaro na gaba. Kuma ba a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga, wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Ƙanwar Nas: Dakta, to in sikeli ya lalace fa? Kuma na dubura nawa ne?

Dakta M.: Sikelin manya ma ya isa: uwa ta hau da yaron, ta sauke shi ta sake hawa, a cire. Na dubura na yaran da ba su kai shekara 6 ba ne, miligiram 10 a kilo. A aikace, ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 ga wanda bai wuce kilo 10 ba, biyu ga wanda ya wuce har zuwa 20. A matse ɗuwawun minti 10. In ya yi kashi ta fito kafin rabin awa a sake sa wata.

Maman Ummi: Dakta ka manta sukari. Yara da yawa ba ƙwayar cutar ce ke ƙarasa su a hanya ba, sukarin jini ne ke faɗuwa, don sun kwana biyu ba su ci komai ba. In akwai kanula, wato bututun roba da ake sa wa a jijiya, ruwan gulukos mai kashi 10, mil 5 a kowane kilo. In mai kashi 50 ne kawai a kabad, a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura, kar a tura shi tsagwaronsa, yana ƙona jijiya. In ba a samu jijiya ba, ƙaramin cokali ɗaya na sukarin shayi, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe, a sa ƙarƙashin harshe, a maimaita bayan minti 20. A ƙulla wa uwar wani a leda ta ci gaba da shi cikin mota.

Jijjiga kuma in ta wuce minti 5, dayazifam ta dubura, rabin miligiram a kilo. Kwalbar nan mai miligiram 10 cikin mil 2, lissafinta mil 0.1 a kowane kilo, yaron Dakta mai kilo 12 zai samu mil 1.2. A cire allurar, sirinjin kawai ake turawa. Sau biyu iyaka, minti 10 tsakani, na uku na iya tsayar da numfashi. Ba a ba jaririn da bai kai wata ba.

Sannan a sa ido kan kakar yaron. Cokali a baki, hayaƙi, ɗura ruwa ko rubutu ga wanda bai cikin hayyacinsa, duk huhu suke tafiya. Ba sai an yi faɗa ba, a ce mata Iya a shafa masa a jiki yanzu, in ya farka ya sha. A kwantar da shi ta gefe.

Ɗan Kaita: Duk na yarda da adadin nan, Hajiya. Amma har yanzu ba a amsa mani ba. Wa zai sa uban ya tafi?

Baban Walid: A nan ne kalmomi ke aiki. Kar a ce "na yi masa allura". A ce "na yi masa ta farko cikin uku, ta biyu ƙarfe kaza, kuma a can ake yinta don sai an auna jininsa". Gaskiya ce kuwa: allura uku ce aƙalla, ta farko, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan ƙwayoyi na kwana uku cikakku. A buɗe tafin hannun yaron kusa da na uban ya gani da idonsa. Mutumin da ya ga hannun ɗansa kamar takarda ba ya buƙatar dogon wa'azi. Kuma da uban ko wan uban ake maganar, domin uwa ko ta yarda ba ita ke yanke tafiya ba. In miji ya tafi cirani ko yana gona mai nisa, a kira shi a waya a gabanta, ko a sa mai unguwa ya tsaya.

Dakta M.: Ƙari a kan haka, kar a tura uwa da goyo su kaɗai. Yaron da ya yi fari haka jini za a nema, kuma abin da ke cinye lokaci a babban asibiti shi ne neman mai bayarwa. Maza biyu lafiyayyu su bi motar tun daga ƙauye. Takardar turawa kuma ta faɗi nauyi, sakamakon tsinken gwajin maleriya, sunan magani, adadi da lokacin da aka ba shi. Takardar da aka rubuta "an ba da magani" ba ta da amfani, sai dai a sake daga farko ko a ninka.

Ɗan Kaita: To wuraren da dare in ya yi ba mai bin hanya fa, irin wasu ƙauyukan Jibia, Batsari da Safana? Ko gulbi ya kawo ya raba gari da titi?

Dakta M.: A nan ba turawa ba ce ta faɗi, jinkiri aka samu. A ci gaba da allura kan lokacinta, ta awa 12 kar ta wuce, a ci gaba da sukari, a rubuta numfashi da bugun jini duk awa, gari na wayewa a tafi. Wannan ma hujja ce a kanka, Malam: wanda ya saba da rubuta takarda kawai, ranar da hanya ta toshe bai san hannunsa ba.

Mai Firji: A taɓa tsinken gwajin kaɗan, don a nan ake fara ɓata. Ana karantawa a lokacin da kwalin ya ce, yawanci minti 15 zuwa 20, wanda aka bari ya yi awa kan tebur ba a dogara da shi. Layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace, a ɗauki sabo. Ruwan ɗigawa na wani kamfani ba ya aiki a tsinken wani. Kuma tsinken na iya nuna akwai har makonni bayan an warke, saboda haka yaron da ya sha magani kwanan nan ya dawo da zazzaɓi, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur kafin a ce maleriya ce ta dawo. Daga 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, daga 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, wannan ciwon huhu ne. In kuma alamun haɗari sun bayyana tsinke ya ƙare, a yi allurar, kar a jira gwaji.

Hajiya Ungozoma: Ku maza kun tsaya kan yara. Yaro ma yana ba ka awoyi, mai zubar da jini wani lokacin ko awa biyu ba ta kaiwa. Ita ba a ma fara zancen "a tura kawai".

Rigakafin shi ne oksitosin, allurar da ke tsuke mahaifa, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an shafa ciki an tabbatar ba tagwaye ba ne. Mabiyiya ta fita, a duba ta cika, a taɓa mahaifa duk minti 15 har awa biyu. Ta zama tauri kamar ƙwallon goruba. In ta yi laushi kamar ƙullin da ya sha ruwa, a murza nan take, a sa ta yi fitsari ko a sa mata bututu, don cikakkiyar mara na hana mahaifa tsukewa.

Inda ake yaudaruwa shi ne kimanta jini da ido. Zane ya shanye, katifa ta shanye, a ce ɗan kaɗan ne. Mil 500 ne iyaka, kuma in akwai ledar nan mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashinta a yi amfani da ita. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda asibitocin Najeriya na ciki, abin da ya nuna ke nan: a auna jinin, in ya kai a yi komai lokaci guda, ba a gwada wannan a jira a gwada wancan ba. Murza mahaifa, oksitosin yunit 10 cikin ruwa mil 500 a sake shi da gudu, a bi da yunit 20 cikin lita ɗaya na awa huɗu, taranekzamik, maganin tsayar da jini, giram 1 a jijiya a hankali cikin minti 10, sannan a haska a duba ko yagewa ce. Taranekzamik cikin awa ukku da haihuwa yake aiki, wanda aka ajiye sai an isa birni ya rasa amfaninsa. In ba oksitosin, misofurostol, shi ma mai tsuke mahaifa, ƙwaya huɗu masu mikirogiram 200 ƙarƙashin harshe. Za ta yi rawar sanyi da zazzaɓi, a faɗa ma dangi tun kafin su firgita.

Wata dabara ga wanda ke shi kaɗai: in bugun jini a minti ya fi lambar sama ta awon jini, misali bugu 115 awo 95, ta fara shiga haɗari ko da tana hira. Kanula biyu manya, a rufe ta da bargo, ma'aikaciya ta shiga motar hannunta na kan mahaifa.

Maman Ummi: Yaya Hajiya, oksitosin ɗin da ya yi bazara a aljihun tebur fa? Shi ne ake yi sau uku mahaifa ko gezau, a ce jikin matar ne. Maganin na son sanyin digiri 2 zuwa 8. A ƙauye kuma firji ɗaya ne, na rigakafi.

Mai Firji: Nan fa za mu saɓa. Firjin rigakafi na rigakafi ne. Ƙananan kwalabe masu kama da juna, ma'aikaci ɗaya, layin mata har waje, wata rana hannu zai ɗauko wanda ba shi ba a matsayin ruwan haɗa allurar ƙyanda. Ga yawan buɗewa cikin dare. Firjin sola ba ya son haka, balle in hadari ya kwana biyu ko ƙura ta rufe faifan ba a goge ba.

Hajiya Ungozoma: Ɗana, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun amince tun 2015 a ajiye oksitosin cikin firjin rigakafi, da sharaɗin a ware shi a yi mashi alama. Roba mai murfi, jan rubutu, gefe guda, ba a fitar da ita ranar rigakafi. Haihuwa nawa ake a ƙaramin asibiti da har buɗewar za ta ɗumama firji?

Mai Firji: Na ji, Hajiya, amma da sharaɗi biyu daga gare ni. Mabuɗi hannun mutum biyu kawai, kuma takardar awon sanyi safe da yamma ba fashi, har Asabar da Lahadi. Wanda ya cike ta duka ranar Litinin da lamba 5 daga sama har ƙasa kowa ya san abin da ya yi. Oksitosin kawai na yarda, ban da insulin ɗin wani, ban da ruwan sha.

Ƙanwar Nas: To me zai hana a ba mace misofurostol tun wajen awo ta tafi da shi gida, tunda yawanci a gida ake haihuwa?

Hajiya Ungozoma: Ana yi, kuma yana ceto, ƙwaya ukku a haɗiye bayan jariri ya fito. Haɗarinsa kalma ɗaya ce, "bayan". In aka sha da naƙuda don a hanzarta, mahaifa na iya fashewa. Don haka ba ita kaɗai ake yi ma bayani ba, har da wadda za ta zauna kanta, uwar miji ko ungozomar unguwa, kuma a sa su maimaita da bakinsu. A bar shi cikin takardarsa ta gwangwani, in aka ɓare ko almakashi ya huda gidan ƙwayar, danshin damina na kashe shi.

Ɗan Kaita: Saura jijjigar masu ciki. Nan kam mutane na tsoron maganinta, maganeziyam salfet, gara su ba da dayazifam su tura.

Dakta M.: Tsoron ya fi haɗarin yawa. Awon jini 160 bisa 110 da ciwon kai, ganin dishi-dishi ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kuma ta riga ta jijjiga, a ba da kashin farko. Giram 5 a kowane ɗuwawu, wato mil 10 na mai kashi 50 kowane gefe, can ciki da doguwar allura, a haɗa da mil 1 na lidoken mai kashi 2 don zafi. In an iya jijiya, a fara da giram 4: mil 8 na maganin da mil 12 na ruwan allura, a tura a hankali, kar ya gaza minti 5. In ba a iya ba, na ɗuwawun kaɗai a yi a tura, ya fi babu nesa ba kusa ba. Guba na zuwa ne wajen maimaitawa, shi ya sa kafin na gaba bayan awa huɗu ake duba numfashi bai gaza 16 ba, gwiwa na harbawa in an buga, fitsari na kai mil 30 a awa. Kalsiyam gulukonet giram 1, makarin gubar, ya zauna kusa. Nifedifin, maganin hawan jini, miligiram 10 haɗiyewa ake, ba a sa shi ƙarƙashin harshe. Kuma mai hawan jini ba a yi mata agometirin, wata allurar tsuke mahaifa, ko tana zubar da jini. Ta kwanta gefen hagu har cikin mota.

Maman Ummi: A kwalabe ake rikicewa. Akwai mai mil 2 giram 1, akwai mai mil 10 giram 5. A haɗa komai cikin roba ɗaya tun yau: giram 14, sirinji mai mil 20 ɗaya, mai mil 10 biyu, ruwan allura, lidoken, bututun fitsari, a manna lissafin a murfi. Ƙarfe biyun dare da fitilar waya a baki ba lokacin lissafi ba ne.

Baban Walid: Motar kanta ba ranar ake nemanta ba. Lambar direba uku a bango, ba ɗaya ba, a zauna da shugaban tasha da kwamitin ci gaban mazaɓa a yanke kuɗin dare da na rana tun kafin buƙata. Galan ɗin mai a ajiye wajen mai gari, wanda aka kai ya mayar daga baya. A san ranar kasuwa: ƙauyukan da ke cin Mai'aduwa, ranar Lahadi motocinsu duk suna can tun safe. Na bakin iyaka kuma su san inda waya ke kamawa, don wani wurin layin Nijar take ɗauka.

Ɗan Kaita: Shi ke nan, na sauko kan masu ciki da masu jego. Kan atesunet na dubura ina nan da rabin ƙafa: duk wanda ya sa shi, ya rubuta sunan gidan, washegari ya aika a dubo ko sun tafi. In ba su tafi ba, gara a dawo da yaron a ƙarasa allurai ukku da ƙwayoyin nan ƙauye da a bar shi da rabin magani.

Dakta M.: Wannan na sa hannu. Abu ɗaya da ba mu taɓa ba, yaro mai tamowa. In awon damtse ya shiga ja, ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura yatsa na lotsawa, kar a sake masa ƙarin ruwa a jijiya don an ga ido ya faɗa. Zuciyarsa ba ta ɗauka. Sukari, ɗumi, a jikin uwa a lulluɓe, a tura inda ake kwantar da su.

Ƙanwar Nas: Allah ya saka da alheri, iyayena. Tambaya ta ƙarshe, lokacin noma ne, saran kububuwa fa? An ce a zuba jini mil 2 a bari minti 20 a ga ko ya daskare, amma nan kwalaben gwajin duk na roba ne.

Dakta M.: Na roba ba ya yi, sai gilashi, busasshe, wanda sabulu bai taɓa ba, in ba haka ba jinin lafiyayye ma zai ƙi daskarewa ki tayar da hankalin mutane. A nemo ko guda biyar a ajiye. Kafin nan, ban da ɗaurin da ke tsare jini, ban da tsaga, a cire zobe da abin hannu, a ɗaure ƙafar jikin katako kar ta motsa, farasitamol kawai don zafi, ban da dikilofenak da ire-irensa. Ki bugo waya tukuna a tabbatar inda maganin dafin yake kafin motar ta tashi.